Rabin Benci

Auta ta faɗi lissafi a jarrabawar ƙarshen shekara, kuma babanta ne ya koya mata amsar da ta kayar da ita. Ba da mugunta ya yi ba. Har yau in ka zaunar da shi ka ce ya nuna maka inda ya kauce, sai ya sosa ƙeya ya ce shi ma abin da yake nema ke nan.

Kafinta ne. Duk layin haka suke kiransa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shagonsa rumfar kwano ce tsakanin mai walda da mai gyaran fanka. Akwai teburin aiki guda da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, shekara shida yana cewa zai gyara, da zarto uku, ɗaya ne kawai mai kaifi. Karatunsa a aji uku ya tsaya. Lamba kam yana ganinta ya gane ta. Amma rubutu mai tsawo sai ya bi shi da yatsa yana motsa baki, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya gudu.

Auta ita ce ƙaramarsu, shekararta goma, tana aji biyar. Makarantarsu tana da doka guda da kowane uba ya sani: yaron da bai ci hamsin cikin ɗari a lissafi ba a ƙarshen aji biyar, ba zai shiga aji shida ba, sai ya maimaita. Ba roƙo, ba sanayya.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Jera mata lambobi ka ce ta tara ko ta ɗebe, kafin ka kurɓi shayi ta gama. Amma da zarar an naɗe lissafin cikin labari, an ce wani manomi yana da kaza da kaza, sai ta daskare. Ta tsince duk lambar da idonta ya gani ta tara su wuri ɗaya. Akwai ranar da ta haɗa shekarun manomin da awakinsa, ta ce yana da awaki sittin da biyu.

Saura sati shida jarrabawa, Malamar lissafi ta kira iyaye. Kafinta ya so matarsa ta je. Ta ce ita ta je na bara da na bara waccan, wannan karon shi ma ya je ya ji da kunnensa.

Aka cusa iyaye a bencin yara, gwiwa har ƙirji. Yana zama bencin ya yi ƙara. Ya zura hannu ƙarƙashi ya laluba, ya ji ƙusa aka buga inda ya kamata a yi haɗi. Yana wannan laluben, gaisuwa da rabin bayanin farko suka wuce shi.

Malama matashiya ce, muryarta a dushe, don yara sittin da huɗu take fama da su. Ta nuna wani kwali da ta manna a bango mai layi biyar.

"Na ɗaya, yaro ya karanta tambayar sau biyu. Na biyu, ya ja layi ƙarƙashin abin da aka ba shi. Na uku, ya kewaye abin da ake nema. Na huɗu, ya zana labarin, ko da sanduna da ƙwallaye ne. Na biyar, in ya samu amsa ya tsaya ya tambayi kansa, wannan amsar ta shiga hankali?"

Iyaye suka gyaɗa kai. Kafinta ma ya gyaɗa, don kar a ga shi kaɗai.

"Abin da nake roƙonku a gida," in ji Malama, "ku sa yaro ya taɓa lissafin da hannunsa. Mai kanti ya ba shi kwalaye ya ƙirga. Tela ta ba shi tef ya auna. Ba sai kun iya karatu ba."

Nan Kafinta ya miƙe zaune. Wannan ya gane.

"Malama, katako ya yi?"

"Katako ma ya fi."

Ya fito yana jin kansa kamar an ba shi muƙami.

Washegari da aka tashi daga makaranta Auta ta zo shago da jakarta. Ya share mata gefen tebur, ya ce ta karanto. Aka yi sa'a, tambayar farko ta gidansu ce.

"Wani kafinta yana da katako mai tsawon santimita ɗari biyu da arba'in. Ya yanka shi gida huɗu daidai. Nawa ne tsawon kowane gida?"

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya leƙo ta saman kwanon da ya raba su. "Wane kafinta ne?"

"Ba a faɗa ba, Kawu."

"To a bincika, kar a je ɗan koyo ne."

"Koma kan ƙarfenka," in ji Kafinta. "Auta, nawa kika samu?"

"Ɗari biyu da arba'in da huɗu."

"Wato an yanka shi ya ƙara tsawo."

Ta hau tauna fensir.

Ya jawo wani katako daga tarin da ke bayan shago, ya ja tef, ya datse shi ɗari biyu da arba'in cif. Ya ba ta igiya ta auna tsawonsa, ya ce ta ninka igiyar biyu, ta sake ninkawa. Ta ɗora ninkin a kan tef. Ta duba, ta sake dubawa.

"Sittin, Baba."

"Ke kika faɗa."

"Ashe rabawa ce." Ta faɗa a hankali, kamar ta tsinci abu a hanya tana tsoron mai shi ya zo.

Da a nan ya tsaya, da labarin ya ƙare lafiya. Amma Malama ta ce yaro ya taɓa da hannu, kuma shi ba ya barin aiki a rabi. Ya auna sittin, ya yanka. Ya auna sittin, ya yanka. Ya sake. Ya miƙa mata guntu na huɗu ya ce ta auna.

"Baba, hamsin da tara ne da ɗan kaɗan."

"Haka ne."

"Ina ɗayan ya tafi?"

Ya nuna mata ƙasa da bakin zarton. Garin katako ne a tare, wuri uku.

"Ga shi nan. Duk inda zarto ya wuce sai ya ci nasa. Sau uku ya wuce, sau uku ya ci. Wanda bai san wannan ba zai yi wa mutane kujera mai ɗingishi."

Ta durƙusa ta tattara garin a tafin hannu, tana kallonsa kamar zinariya. Rannan ta rubuta a littafinta: uku sittin-sittin, na huɗu hamsin da tara da ɗan kaɗan, saboda zarto ya ci. Ta zana katakon, ta ɗiga masa gari a ƙasa wuri uku. Ta karanta layi na biyar na Malama, ta ce amsar ta shiga hankali. Kafinta ya ce ƙwarai kuwa.

Haka suka ci gaba sati biyu. Littafin ya ce akwai ƙusa ɗari a kwali, kowace kujera tana cin goma, kujera nawa za a yi. Auta ta jera ƙusoshi goma-goma a kan tebur ta ce goma. Ya ba ta guduma ya ce ta buga biyar. Biyu suka lanƙwashe. Ta rubuta tara, kuma ta ce ko taran ma sai mai hannu.

Littafin ya ce mutum ɗaya yana gama tebur a kwana shida, mutum biyu fa.

"Ya danganta da na biyun," in ji Mai Walda ta saman kwano. "In ƙanin matata ne, kwana tara."

"Rabu da shi," in ji Kafinta. "Yi naki."

"Uku."

"Zarto mai kaifi nawa muke da shi?"

"Ɗaya."

"Gam kuma yana bushewa da sauri don ya ga mutum biyu?"

Ta rubuta huɗu.

Mai Walda ya fara kiransa Farfesa. Auta kuwa ba ta taɓa son lissafi irin na kwanakin nan ba. Tana ajiye jaka za ta ciro littafi, har ta samu wani gwangwani tana tara garin katako a ciki.

Ranar da Malama ta dawo da littattafai, matarsa ce ta tare shi a ƙofar ɗaki da littafin a buɗe. Jan biro ne tun daga sama har ƙasa.

"Kafinta."

"Na'am."

"Kafin ka sa hannu tana cin huɗu cikin goma. Yanzu uku."

"Ba zai yiwu ba."

"Ga shi ya yiwu. Da can ita kaɗai take faɗuwa, yanzu ku uku ne, har da maƙwabcinka."

Ya karɓi littafin ya bi shi da yatsa. Kusa da hamsin da tara an rubuta sittin da ja. Kusa da tara an rubuta goma. Ya juya littafin, ya sake juyo shi, kamar amsar tana baya. Shi dai da idonsa ya ga tef.

Da safe ya ɗaure guntayen katakon nan huɗu da igiya, ya saɓa a hammata, ya nufi makaranta. Ya samu Malama lokacin hutun ƙarfe tara, tana tsaye a baranda tana shan ruwa. Ya gaishe ta, ya kwance igiya, ya jera su a kan dakali, ya miƙa mata tef.

"Auna na ƙarshen, Malama."

Ta auna. Ta yi ɗan murmushi. "Baban Auta, gaskiyarka ce. Amma tambayar ba ta ce akwai zarto ba."

"Da me ya yanka? Da haƙori?"

"A'a, ana ɗauka ne cewa babu abin da ya ɓata."

"Wa ya ɗauka?"

"Haka ake yi a lissafi."

"Ke kika ce ta taɓa da hannu."

"Na ce."

"Ta taɓa. Kika ce in ta gama ta tambayi kanta ko ya shiga hankali. Ta tambaya. Ni ma na tambaya."

"Hankalin tambayar nake nufi."

Ya tsaya yana kallonta. "Tambaya tana da nata hankalin daban?"

Malama ta buɗe baki, sai aka buga ƙararrawa. Yara sittin da huɗu suka kwararo ta tsakaninsu, wani ya yi tuntuɓe da guntun katako. Ta ɗaga murya don ya ji.

"In gajarce maka, yarinyar ta gane rabawa yanzu, kuma kai ka yi wannan, ni na kasa. Abin da ya rage ta daina ƙara abin da ba a rubuta ba. Abin shago ta bar shi a shago. Sati uku ya rage mana, don Allah."

Ta shige aji. Ya tattara katakonsa.

Duk hanya yana juya maganar. An yabe shi ne ko an yi masa faɗa, bai sani ba. Amma shi mutum ne da in mai aiki ya ce ƙofa ta buɗe ta hagu, ta hagu za ta buɗe ko da bango ne a wurin. An ce abin shago a bar shi a shago. To.

Da yamma ya zaunar da Auta a kan wata kujera da ba a gama ba.

"Daga yau akwai doka. A littafi zarto ba ya ci."

"Amma Baba, ai mun gani."

"A shago muka gani. A littafi ba ya ci. Ƙusa ba ta lanƙwashewa. Gam yana bushewa nan take. Mutum biyu rabin kwanakin mutum ɗaya suke yi, ko da ɗayan ƙanin matar Kawunki ne."

"Ka dai bari a ga ƙarshensa, Farfesa," in ji Mai Walda.

Auta ta dubi gwangwaninta na gari, ta dubi babanta. "To wanne ne gaskiya?"

"Duka."

"Duka biyun?"

"Na shago gaskiya ne. Na littafi maki ne. Makin muke nema."

"Ta yaya zan san ina cikin wanne?"

"In kina riƙe da fensir kina cikin littafi."

"Kai ma da fensir kake aiki."

Ya ciro fensirin daga bayan kunnensa ya kalle shi, ya mayar. "Nawa daban ne."

Ta buɗe bangon littafinta inda ta kwafe layukan Malama biyar. "Layi na biyar fa? In tambayi kaina ko ya shiga hankali?"

Ya kalli layin. Duk yadda ya juya, wannan layin ne ya kai su ga jan biro.

"Tsallake shi," ya ce. "Shi ya jawo mana. Abin da lamba ta ba ki, rubuta shi ki wuce, ko da ta ce akuya tana da ƙafa uku da rabi."

Ya karɓi fensirinta ya ja wa layin giciye da hannunsa.

Abin mamaki, sai ya yi aiki. Sati na farko ta ci shida cikin goma, na biyu takwas. Kullum da safe kafin ta fita zai tsayar da ita a ƙofa.

"A littafi zarto yana ci?"

"Ba ya ci."

"In lamba ta ba ki abu?"

"In rubuta in wuce."

Matarsa ta daina kiransa Kafinta. Malama ta rubuta "madalla" da ja, wannan karon jan alheri. Auta ta daina zuwa shago da littafi, ta ce a ɗaki ya fi, a shago kanta yana rikicewa. Gwangwanin ya zauna a ƙarƙashin tebur har Mai Walda ya zubar da garin ya sa ƙusoshinsa a ciki.

Aka yi jarrabawa. Bayan kwana goma aka aiko a kira shi.

Ya samu Malama ita kaɗai a aji, takardu a gabanta. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta juyo masa takardar Auta. A sama an kewaye arba'in da takwas.

"Biyu ya rage," ya ce.

"Biyu."

"Katakon ne?"

"Katakon ta ci. Ga shi, sittin. Ta yi ɓarin maki nan da can kamar kowa, amma duba ta ƙarshe. Maki biyar ce." Ta karanta masa da kanta. "Yara talatin za su zauna. Kowane benci yana ɗaukar yara huɗu. Benci nawa ake buƙata?"

Ya lissafa da yatsu a kan cinyarsa. "Bakwai da rabi."

"Abin da ta rubuta ke nan."

"To alhamdulillahi."

"Takwas ce amsar."

"Talatin a raba huɗu nawa ne, Malama?"

"Bakwai da rabi."

"To."

"Amma ba wanda zai je ya ce a ba shi rabin benci. Yara biyun da suka rage sai an kawo musu benci guda. Nan ne ake so yaro ya tsaya ya yi tunani. Layi na biyar."

"Wanda kika ce a bar shi a shago."

"Ban ce a bar hankali a shago ba. Na ce..." Sai ta tsaya. Ta matsa masa takardar. "Duba nan."

Ya sunkuya. Auta ta zana benci bakwai, kowanne da kawuna huɗu. A gefe ga yara biyu a tsaye, har da ƙafafunsu. Ƙarƙashin bakwai da rabi akwai inda aka goge har takardar ta yi laushi, amma takwas ɗin tana nan, ana ganinta.

"Na ba ta biyu don aikin da ta nuna," in ji Malama. "Iyakar abin da aka yarje mini ke nan. Da ta bar takwas ɗinta, hamsin da ɗaya ne."

Ya ɗago kai.

"Malama, ina tambaya, ba don rigima ba. A ta katako an ce kar ta yi tunanin zarto. A ta benci an ce ta yi tunanin benci. Ta ina yarinya za ta san tambayar da ke son hankali da wadda ba ta so? Akwai alama a jiki?"

"Babu alama."

"To?"

"Da sabo ake ganewa." Ta faɗa tana kallon takardun, ba shi ba.

Kafin ya fita ya ciro tef daga aljihu ya auna bencin gaba. Ɗari da sittin. Malama ta ga ya yi, ba ta tambaye shi dalili ba.

Yana isa shago ya ture aikin mutane gefe. Ya zaɓi katako mai kyau, wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Ya yanka tamanin. Bai buga ƙusa ko ɗaya a ƙafafun ba, haɗi ya yi, ya sa gam, ya ɗaure, ya goge har hannu yana zamewa.

Mai Walda ya leƙo. "Farfesa, wannan na wane ne? Gajere ya yi oda?"

"An ce babu rabin benci."

"Wa ya ce?"

"Makaranta."

"Sai kai kuma ka ce akwai."

"Ga shi kana gani."

Mai Walda ya so ya ƙara wata, ya ga fuskarsa, ya sauke gilashinsa ya koma.

Kwana biyu ya jira gam ya kama, don gam bai san ana sauri ba. Rana ta uku ya ɗora bencin a ka, ya ratsa layi da shi har ofishin Hedimasta. Aka kira Malama. Ya sauke shi a tsakiyar ofis, ya roƙa a kira masa yara biyu daga waje. Suka zauna. Bencin ya ɗauke su daidai, ba matsi, ba saura.

"Ranka ya daɗe, bakwai na makaranta su ɗauki ashirin da takwas. Wannan ya ɗauki biyu. Talatin. Bakwai da rabi. Abin da yarinyar ta rubuta ke nan."

Hedimasta dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya taso ya zagaya bencin, ya danna shi da tafi, ya jijjiga. Ko motsi.

"Aikin ya yi kyau," ya ce.

"Na gode. Makin fa?"

"Ranka ya daɗe, yarinyar ta gane tambayar," in ji Malama. "Zanenta ya nuna. Ta rubuta takwas ta goge."

"Abin da ya rage a takarda ake dubawa, Malama, kin fi ni sani. Yara goma sha ɗaya suka rubuta irin tata. In na buɗe wa ɗaya, gobe iyaye goma za su zo, kuma ba duka ne kafintoci ba." Ya juya wurin Kafinta. "Kuma bari in tambaye ka. A ce bakwai ɗin suna jere a nan, ga naka a ƙarshe. Ƙirga mini."

Kafinta ya ƙirga da yatsa a iska. Ɗaya, biyu, har bakwai. Yatsan ya sauka a kan nasa.

"Takwas," in ji Hedimasta.

"Rabi ne."

"A tsawo. Amma ƙafa huɗu ka yi masa ko biyu?"

"Huɗu."

"Ka gani."

Kafinta ya tsaya da yatsa a miƙe. Ya san tamanin rabin ɗari da sittin ne, da hannunsa ya auna. Ya kuma san abin da ya ɗauko a ka benci ne guda, wuyansa ma ya sani. Ya nemi inda zai sa ƙafa tsakanin biyun, ya rasa. Yaran biyu suna zaune suna kallonsa, suna jiran a ce su tashi.

"To shi ke nan," ya ce.

"Bencinka," in ji Hedimasta da ya ga ya nufi ƙofa.

"Ku riƙe."

Ba zai iya sake ratsa layi da shi a ka ba.

A gida ya samu Auta a bakin ƙofa tana wanke takalmin makaranta. Ta riga ta sani, mamanta ta gaya mata. Ya tsuguna kusa da ita.

"Auta, kin rubuta takwas."

"E."

"Me ya sa kika goge?"

Ta ci gaba da gurza takalmin. "Na ga yara biyu a tsaye, Baba. Na so in ba su benci. Sai na duba hannuna na ga fensir."

Matarsa tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da ludayi. Ya jira ta ce Kafinta. Sai ta juya ta koma ciki.

Da aka koma makaranta, ƙawayen Auta suka wuce aji shida, can ɗaya gefen fili, ana hango su ta taga. Aji biyar ya ƙara cika, benci ya kasa. Malama ta sa aka ɗauko gajeren daga ofis aka ajiye a can baya, jikin bango. Auta ta fi kowa tsawo a ajin yanzu, don haka baya aka kai ta, ita da wata yarinya da Autar ta girma da shekara ɗaya. Duk ajin shi kaɗai ne bencin da ba ya ƙara in an zauna.

Shekara guda cur ta yi a kansa.